Wasan Dariyar 'Yan Makaranta Da Bai Shiga Littafi Ba



Idan aka yi maganar wasan kwaikwayo na makaranta, yawancinmu Uwar Gulma muke tunawa, saboda shi aka karanta a aji. Amma akwai wani wasa da ya girme shi nesa ba kusa ba, wanda ba kowa ya taɓa jin sunansa ba.

Tun kafin zuwan boko Bahaushe ya san wasan ban dariya. Ga tashe a watan azumi, ga wasan gauta da ake kwaikwayon sarki da fadawansa a cikin fada. Da aka buɗe makarantu sai wannan al'ada ta bi yara har aji. Bature R.M. East ya fitar da wasannin Hausa guda shida domin 'yan makaranta, sannan a 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau.

A tsakanin waɗannan biyun ne, wajen 1938 zuwa 1939, wani ɗalibin Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, ya rubuta wasa mai suna Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba? Ɗalibin nan shi ne Malam Aminu Kano, lokacin bai cika shekara ashirin ba. Wasan ya nuna yadda 'yan kasuwar birni marasa tausayi suke yi wa baƙauye wayo. Sunan kaɗai ya isa ya sa mutum dariya, amma ana gama dariyar sai jiki ya yi sanyi. Ya kuma rubuta Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, a kan nauyin haraji da ke wuyan talaka. Wato tun kafin a kafa NEPU a 1950, Malam ya fara faɗar gaskiya a dandalin makaranta, inda dariya ke kare mai magana.

Abin takaici, ba a buga waɗannan wasanni ba. Uwar Gulma ya rayu don yana cikin littafi, su kuwa sai dai suna.

To mu ina ruwanmu? A kasuwar shanu ta Iware da yawanmu ne ke saye da sayarwa da dillanci, mutanen ƙauye kuma su ke kawo mana kaya. Tambayar da ɗalibin nan ya yi wa Kano, mu ma ta hau kanmu, domin baƙo ba shi da jarin da ya wuce amana.

Kuma duk dattijon da ya taɓa fitowa a wasa a makarantarsa, don Allah ya zaunar da 'ya'yansa su rubuta abin da ya tuna tun yana da rai.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.