Ciwon sukari nau'i na ɗaya: daga ina ƙiba ke zuwa?

Ciwon sukari nau'i na ɗaya yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin pankireyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ya fi kama yara da matasa, amma akwai wani iri nasa da ke shigar manya sannu a hankali. An saba ganin masu wannan ciwo a rame, shi ya sa iyalai ke mamaki idan mai shi ya soma ƙiba. Galibin dalilan suna da nasaba da maganin da yadda ake bi da shi.

Na farko, insulin ita ce ke shigar da sukari cikin tsoka, kuma ita ce ke sa jiki ya ajiye kitse. Kafin a soma allura, sukarin jini kan wuce gram 1,80 a lita, sai ƙoda ta zubar da shi a fitsari, mutum yana ci yana ramewa. Da an soma allura, wannan asara ta tsaya. Kilo ƴan kaɗan na farko alamar murmurewa ce. Amma in aka ci gaba da ci kamar lokacin rama, rarar sai ta zama teɓa. Binciken DCCT, wanda aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1.441, ya nuna cewa waɗanda aka tsananta wa magani sun fi sauran ƙaruwa da kusan kilo 4,6 bayan shekara biyar, ko da yake idanunsu da ƙodarsu da jijiyoyinsu sun fi tsira.

Na biyu shi ne faɗuwar sukari ƙasa da gram 0,70 a lita, mai zuwa da kyarma da zufa da yunwa mai tsanani. Gram 15 na sukari, wato ƙwara uku, ya isa a matakin farko, sai a sake aunawa bayan minti 15. Amma tsoro kan sa mutum ya shanye kwalbar lemu, ya bi da fura ko fanke. Wasu ma suna ci kafin barci don riga-kafi, suna kuma gujewa tafiya da wasan ƙwallo.

Na uku, ƙwayoyin da suka lalace ba insulin kaɗai suke yi ba. Suna samar da sinadarin amilin, wanda ke rage saurin saukar abinci daga tumbi, yana sa a ji an ƙoshi. Rashinsa kan sa a ci fiye da ƙima.

Na huɗu, garkuwar da ta taɓa pankireyas tana iya taɓa tiroyid, ƙullutun da ke gaban wuya. In aikinsa ya ragu, sai kasala da jin sanyi da ƙarin nauyi. Awon jini ne ke gano shi, kuma yana da magani.

Sai kuma abin da ke sa kowa ƙiba: gado, yawan zama, shayi mai sukari, soye-soye da farar shinkafa. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye a tebur, musamman dangin deksametazon, suna hawar da sukarin jini sosai.

Haɗarin shi ne kitsen ciki yana hana insulin aiki yadda ya kamata. Sai a ƙara yawan allura, ƙiba ta ƙaru, hawan jini da ciwon zuciya su samu ƙofa.

Duk da haka, kada a rage allura ko a daina ta don neman ramewa. Yin hakan na jawo guba a jini, da amai da suma, har mutuwa cikin ƴan kwanaki. Abin yi shi ne a riƙa rubuta awon sukari da na nauyi, a kai wa likita ya daidaita allura da abinci da motsa jiki, a kuma nemi a duba tiroyid.