Ramukan sauti na gaban kwamfutar tebur: yadda ake haɗa su

A garuruwan kan iyaka irin su Sassumbrum, Magaria da Dungas, kwamfutocin tebur da ake aiki da su a ofisoshi da shagunan buga takardu galibi na hannu ne, waɗanda aka sayo daga Damagaram ko Kano. Da yawansu ramukan sautinsu a baya suke, wasu kuma suna da na gaba amma ba su aiki. Sau da yawa ba lalacewa suka yi ba, wayarsu ce ba a haɗa ta da babban allon ciki ba, wanda masu gyara ke kira kart-mer.

Ramukan biyu ne, kowanne faɗinsa milimita 3.5. Kore na lasifikar kunne ne, mai launin hoda kuma na makirufo, bisa tsarin launuka na PC 99 da kamfanonin Microsoft da Intel suka fitar. Idan akwatin bai zo da su ba, ana sayar da ƙaramin faranti mai ramukan, wanda ake sakawa a gurbin inci 3.5 ko 5.25 na gaban akwatin.

A jikin babban allon akwai wurin da wayar ke shiga: layi biyu na ƙananan tsinkaye, gurbi 10 amma tsinke 9, domin an cire na 8. Gigabyte na rubuta F_AUDIO a gefensa, ASUS na rubuta AAFP, MSI kuma JAUD1. Mahaɗin USB 2.0 yana kama da shi ƙwarai, sai dai shi tsinke na 9 ne babu. Nan ne haɗarin yake: mahaɗin USB yana ɗauke da wuta bolt 5, kuma tura wayar sauti cikinsa da ƙarfi na iya lalata allon. Kafin a taɓa komai, a kashe kwamfutar, a zare wayar kuran, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar da jiki ke tarawa, musamman a lokacin hunturu.

Tsarin haɗin iri biyu ne. Intel ya fito da AC'97 a 1997, sannan HD Audio a 2004. Na biyun yana gane lokacin da aka soka lasifikar kunne, sai ya ɗauke sautin manyan lasifikoki. Wasu akwatunan suna da kawuna biyu a waya ɗaya. Guda ake sokawa, kuma HD Audio ya fi dacewa da allo na zamani. Idan farantin AC'97 ne, ana canza zaɓin a cikin BIOS, ko a kashe gane soki a manhajar Realtek.

Tsofaffin Dell da HP na ofis sau da yawa suna da mahaɗinsu na daban, wanda farantin kasuwa ba ya shiga. Mafita a nan ita ce ƙaramar na'urar sauti ta USB, mai ramuka biyu, wadda ba ta buƙatar buɗe akwati.

Abin kunnen wayar salula kuma yana da zobe 3 a kansa, yana haɗa sauti da makirufo a soki ɗaya. A koren rami za a ji sauti, amma makirufonsa ba zai yi aiki ba sai da waya mai raba shi gida biyu. Mai zuwa kasuwa ya fara buɗe akwatin, ya ɗauki hoton mahaɗin da rubutun gefensa, ya nuna wa mai shago kafin ya biya kuɗi.