Gyare a Ɗakin Binciken Kimiyya

Gyare na cikin ƙwarin da masana suka daɗe suna nazari a kansu, fiye da shekara ɗari ke nan, kuma kukansa ne ya jawo masa wannan matsayi. Namiji ne kaɗai ke kuka, ta hanyar goga fuka-fukansa na gaba a kan juna. Macen kuwa kunnuwanta a ƙafafun gaba suke, da su take jin kukan ta nufi mai yinsa. Ana iya naɗar kukan a auna shi, ana iya bin sawun macen, sai ya zama kira da amsa duk suna gaban idon mai bincike.

A 1913 Johann Regen, wani malamin makaranta a birnin Vienna na Ostiriya, ya ajiye namiji a ɗaki guda, mace a wani ɗakin, ya haɗa su da wayar tarho. Macen ta taka har bakin tarhon, alhali ba ta ga namijin ba, ba ta kuma ji ƙamshinsa ba. Gwajin ba shi da tsada, amma ya tabbatar da cewa sauti kaɗai ya ishe ta.

Daga shekarun 1950 Franz Huber na Jamus ya shiga cikin ƙwaƙwalwar gyaren, yana taɓa wasu sassa da lantarki kaɗan, namijin ya kama kuka. A 1972 David Bentley da Ronald Hoy suka yi barbarar jinsi biyu, kukan 'ya'yan ya fito tsaka-tsaki tsakanin na iyayen. Ashe gadonsa ake yi, ba koyo ba.

Kukan nan yana da haɗari. William Cade ya nuna a 1975 cewa ƙudan Ormia ochracea na bin sautin har ya iske namijin ya zuba masa tsutsotsi, su kuma su cinye shi daga ciki. Abin da ya biyo baya a tsibirin Kauai na Hawaii ya cancanci a tsaya a kansa. Marlene Zuk da abokan aikinta sun ruwaito a 2006 cewa cikin abin da bai kai zuriya 20 ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na mazan gyaren tsibirin sun zo da fiffike mai sulɓi wanda ba ya sauti. Sun tsira daga ƙudan, amma ba su da abin kiran mace, sai su laɓe kusa da 'yan tsirarun masu kuka su tare matan da suka zo. Ba kasafai ɗan Adam ke ganin halitta ta sauya haka a gabansa ba.

Ɗaya daga cikin jinsunan gyare da ake amfani da su a ɗakunan bincike shi ne Gryllus bimaculatus, wanda ake samu a Afirka da kudancin Turai da Asiya. A Jami'ar Tokushima ta Japan an yi amfani da shi wajen gano yadda ƙaramin gyare ke sake tsirar da ƙafar da ta guntule, kuma a 2021 aka wallafa jerin ƙwayoyin gadonsa.