Makarantar Nassarawa da Bashin Talakawa

A cikin shekarar 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan ganuwa. Aka tattaro 'ya'yan sarakuna da malamai daga lardunan Arewa. Aka kuma kafa sashen sana'a, inda yara ke koyon ƙira da sassaƙa da dukanci.

To, wani kaso na kuɗin riƙon makarantar daga Baitulmali yake fitowa, watau harajin talakawa ne. Saboda haka duk yaron da ya ci tuwon makaranta, bashi ya hau kansa, ba ya kuwa biyuwa sai da aiki. Waɗanda suka koyi awo suka shiga ƙauyuka suna auna gonaki, domin a san harajin da ya wajaba a kan kowa. Waɗansu suka koma lardunansu suna karantarwa.

Da aka buɗe Midil ta Kano a 1927, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa, sai ta gaji wannan tafarki. Yaranta ne suka riƙa zama akawun kotu da malaman asibiti da malaman gona a En'e.

Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nassarawa, an mai da shi gidan tarihi. Wanda ya yi aikin En'e, in ya bi ta ƙofarsa, sai ya tuna manoman da suka biya masa karatu. Allah ya ji ƙansu, amin.