Sanƙarau

Sanƙarau cuta ce ta kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Nau'in da ke zama annoba a ƙasar Hausa ƙwayar bakteriya ce mai suna Neisseria meningitidis ke haddasa shi. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda jama'a ke kwana a cunkushe, kuma ta fi ta'adi daga lokacin hunturu zuwa bazara, a yankin da ya taso daga Senegal har Habasha.

Takan fara da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da amai, sai wuya ya sanƙare. A jarirai kuwa maɗiga kan kumbura. Tana iya kisa cikin kwana guda, shi ya sa jinkirin zuwa asibiti babban ganganci ne. Wasu da suka warke sukan kurumce.

Ƙwayar tana da ɓawo na sukari da ke kare ta daga garkuwar jiki. Allurar rigakafi ta zamani takan haɗa wannan sukari da furotin, domin jiki ya ƙera makaman da za su manne wa ƙwayar, kuma ya daɗe bai mance da ita ba. Allurar tana kuma rage masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da sun sani ba.

Bayan wata mummunar annobar sanƙarau da aka yi a 1996, an fara amfani da allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, har nau'in A na ƙwayar ya kusa ɓacewa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar.