Tarihin Taimakekeniyar Masu Cuku a Duwatsun Jura

A duwatsun Jura, kan iyakar Faransa da Suwizalan, inda ƙanƙara take rufe hanyoyi watanni, lalura ce ta koya wa makiyaya hikimar tarayya tun ƙarni na 13. Da yake madara ba ta jure ajiya, alhali kuwa cuku guda na irin wanda ake kira Comté, mai nauyin kilo 40, yana cin kimanin lita 400, babu talakan da shanunsa kaɗai za su wadatar da tukunya. Saboda haka mutanen ƙauye suka ƙulla yarjejeniya a kan su riƙa haɗa abin da suka tatsa kowace rana.

Mu'amalar tasu ta yi kama da adashi. Kowa yakan kai madararsa gidan wanda zagaye ya zo kansa, a auna, a tsaga alama a jikin sanda domin kada bashi ya ɓace, cukun ranar kuma ya zama halalinsa. Daga baya suka gina ɗaki guda na yin cuku, suka ɗauki gwani suna biyansa lada.

A shekarar 1958 hukumar Faransa ta kare sunan Comté da doka. Ƙa'idojinsa a yau sun wajabta ɗanyar madarar shanun yankin, da ajiyar wata huɗu aƙalla. Amanar tarayyar makiyayan, wadda ta hana mai wadata haɗiye maƙwabcinsa, ita ta riƙe iyalai a ƙauyukansu har zamaninmu.