Haɗa keɓaɓɓun hanyoyin sadarwa ta kwamfuta ɗaya

Wannan dabara ce ta sanya kwamfuta mai katin sadarwa biyu ko fiye ta zama gada tsakanin rukunonin kwamfutoci da ba sa ganin juna, wato ta yi aikin rauta. Kowane kati yana da adireshinsa a cikin rukuninsa. A shekarar 1996 takardar RFC 1918 ta ware adireshi don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 192.168, da kuma daga 172.16 zuwa 172.31. Ba a tura waɗannan kai tsaye a intanet.

Kwamfuta ba ta miƙa saƙo daga kati zuwa kati sai an ba ta izini. A Linux ana mayar da ip_forward daga 0 zuwa 1. A Windows Server akwai RRAS mai yin wannan aikin.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne hanyar dawowa. Saƙo ya isa, amma kwamfutar da ta karɓa ba ta san ta inda za ta mayar da amsa ba, sai ta tura ta wata ƙofa, amsar ta ɓace. Maganin shi ne a rubuta wa kowane ɓangare hanyar, ko a yi amfani da NAT, wato dabarar sauya adireshi. Haka kuma kada rukunonin biyu su yi tarayya a jerin adireshi ɗaya.

A karkara irin ta Watari a Bagwai, makaranta na iya haɗa ɗakin kwamfutar ɗalibai da ofis ta wannan hanya ba tare da sayen rauta ba. Sai dai in wuta ta ɗauke wa kwamfutar, sadarwar ta yanke, don haka batir ko sola wajibi ne.